Zayyanar Allon Hafsatu

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina na shiga tun kafin damina, ga ni, da raina.

Abin ya fara ne wata safiya a gidanmu na Kaura Namoda. Na ɗauki buta zan yi alwala, ta suɓuce. Na sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Na buɗe baki in kira mutanen gida, harshe ya ƙi.

A asibiti aka auna ni, aka ce hawan jini ne ya shanye min ɓarin dama. Aka tura mu Gusau hoton kai. Geron da muka ajiye na shekara, a magani da kuɗin mota ya ƙare. Na ji tsoro ƙwarai.

Baki ya dawo, ƙafa ta dawo, hannu ya tsaya yana rawa. Likitar gashi, mai motsa gaɓoɓi, ta ba ni fensir ta ce, "Malam, kullum ka riƙa ja min layi da da'ira. Ko sun karkace, ka ja."

Ni da ban taɓa zana ko ƙwarya ba.

A gidanmu zane na ƙanena Bello ne. Shi ya gaji mahaifinmu a zayyana, adon da ake wa allon wanda ya sauke Alƙur'ani. Daga Zurmi har Shinkafi ake kawo masa alluna. Ga kuma 'yata Hafsatu na gab da sauka.

Bello ya riƙa zama kusa da katifata yana aikin allonta, wai yana taya ni hira. Hannunsa na tafiya sumul, launi na hawa launi, ni kuwa da'irata kamar kaza ta taka tawada. Wallahi kishi ya ci ni. Masu dubiya su ce min sannu a gurguje, su juya kan allon suna "Masha Allah". Har addu'a na yi a raina tawadarsa ta zube. Ba ta zube ba.

Na so in koma hagu, Bello ya ce, "Haba Yaya, allon Ƙur'ani da hagu? Wanga hannu dai da yaƙ ƙi, shi za ya yi."

Na ce, "Wa yac ce maka allo nika so?"

Allon nake so. 'Yata ce, ba tasa ba.

Na ci gaba da ja don haushi. Takarda, bayan kwali, ƙasar tsakar gida. Layi ya fara tsayawa. A haka yatsuna suka koyi riƙe cokali, ban ma lura ba.

Ana saura kwanaki walima, Hafsatu ta kawo min allon, ta juya bayansa, fari tas. Ta ce, "Baba, nan naka na. Ni nac ce ma Baffa ya bar shi."

Na zana. Kusurwa ɗaya ta fi sauran tsawo, jan launi ya ɗiga a gefe.

Ranar sauka ta ɗaga allon a gaban jama'a, kuma bayan ta nuna musu. Mutane suka zura ido suna neman abin yabo. Ta ce, "Babana yay yi shi, da hannunshi na dama."

Na yi kuka a gaban surukaina.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitar, na gode wa Bello, duk da har gobe ya fi ni kuma har gobe ina jin haushin hakan.

Ku riƙa auna jininku ko lafiyarku ƙalau. In abu ya suɓuce muku sau biyu, ku wuce asibiti a ranar. In an ba ku fensir, ku karɓa.