Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Shekara ashirin da shida Iya ta yi a ɗakin wanki na wani babban otal, can ƙasa, inda bututun ruwan zafi ke ɗiga a kan mutum kuma babu taga ko ɗaya. Injin wanki na nan, amma duk tabon da ya gagari inji, Iya ake miƙa wa, ta jiƙa shi a bilic ta dirje da hannu. A haka sabulu da bilic suka cinye zanen yatsunta, suka zama sumul kamar bayan cokali.

'Yarta mai son karatu ce. Wata ranar hutu suna ninke kaya ta ba ta labarin wani littafi, na wani birni nan da shekara ɗari, inda ƙofa ba ta buɗuwa sai ga wanda na'ura ta sani. Wanda ta manta da shi, ko yana tsaye a gabanka, a doka babu shi. Iya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Marubucin nan ƙoshi ne ya yi masa yawa. Mutum da ransa da lafiyarsa a ce babu shi?"

Ba a rufa shekara ba aka kafa wata 'yar na'ura a ƙofar ma'aikata. Ka ɗora yatsa, ta kawo kore, an san ka zo aiki. Iya kuwa kullum ja. Mai gadi, tsohon abokin wasanta, ya koya mata dabara, ta goga yatsan a goshi ya ɗauki maiƙo. Ta goga, ta hura masa iska, ta gwada goman duka, 'yan layi na tsaki a bayanta. Da abin ya ishe shi sai ya riƙa buɗe mata ƙaramar ƙofar gefe. Tausayi ne, amma shi ya kashe ta, don duk ranar da ta bi ta gefe, rajista cewa take ba ta zo ba.

Bayan wata biyu manaja ya kira ta ofis, takardar sallama na kan tebur: rashin zuwa aiki kwana arba'in. Tsoro ya kama ta, don ba ta san wata sana'a ba, kuma wa zai ɗauki tsohuwa?

"Ranka ya daɗe, kullum fa muna gaisawa a matakala."

"Wallahi na sani, Iya. Amma hedikwata abin da na'ura ta aika suke gani. Ni ma ba ni da ikon taɓawa."

Iya ta tuna a littafin 'yarta akwai azzalumin shugaba da ya sa aka yi haka. Su can ai sun ji daɗi, suna da wanda za su kai ƙara wurin Allah. Nan kowa mutumin kirki ne, manajan ma idonsa ya yi ja, kuma korar tana nan daram.

Aka ce ta sa hannu. Iya ba ta iya rubutu ba, sai sakatariya ta turo mata tawada. Ta dangwala babban yatsanta a ƙasan takardar. Shuɗin tabo ne kawai ya fito, ba layi ko ɗaya a ciki.

Sakatariya ta ɗaga takardar ta duba. "Ya yi, Iya," in ji ta. "Wannan za su karɓa."