Haƙorin Makkan Inna

Wara

Ana sallame Asuba munka fita, ni da Inna mahaifiyata, da ƙullin bandar kifin da take sayarwa, don ta ce ba ta shiga garin mutane hannu rabbana. Haƙori guda ne ya tashe mu. Haƙorin Makka ne, wanda marigayi Baba ya sa anka sanya mata shekarar da sunka sauke farali tare. Tun bara yake girgiɗi, dasashi na jini, har goro ta bari. Mai cire haƙori na kasuwa ya ce aikin minti biyu ne. Inna ta ce ya je ya cire na uwarsa.

Hanyar Yelwa kuwa, wanda ya sani ya sani. Duk ramin da munka faɗa sai Inna ta tallabe haɓa da hannu biyu.

Direba ya ce, "Hajiya, tagumin mi kika yi?"

Ta ce, "Kayana ni ka riƙo. Kai riƙe sitiyarinka."

Yelwa

Da hantsi munka sauka tasha. Na saya mata kunu da ƙosai, ta jiƙa ƙosan har ya zama kunu shi ma. Munka hau motar Sakkwato, munka wuce mararrabar Shanga ana ta casar shinkafa a bakin titi. A shinge ɗan sanda ya leƙo, ya ga tsohuwa rungume da haɓa, ya ce Allah ya sawwaƙe, mu wuce. Azahar a Jega, kwana a Sakkwato, gidan ƙanin Baba.

Sakkwato

Likitar haƙori yarinya ce, mai haƙuri ƙwarai. Ta ɗauki hoto ta nuna mana: haƙorin lafiyarsa lau, ƙashin da ke riƙe da shi ne ciwon dasashi ya zaizaye, kamar yadda ruwa ke cin gaɓa. Ta ce akwai dabara. Garin ƙashin saniya ne da anka tsabtace, a buɗe dasashi a cusa shi a ramin, sai ƙashin mutum ya bi shi ya hau a hankali, yadda kabewa ke bin danga. Ni dai har na fara hamdala.

Inna ta ce, "Ɗiyata, saniyag ga, wa yay yanka ta?"

Likita ta juya kwalin gaba da baya. "Inna, daga Turai yake. Ba su rubuta ba."

"To mushe ce."

Na ce, "Haba Inna! Lalura ce fa, malamai sun yi sassauci a kan magani."

Ta ce, "Malamai da bakinsu su ka karatu. Ni da wanga ni ka yin Fatiha."

Wallahi raina ya ɓaci. Tun daga Wara! Amma na san wadda ta haife ni.

Can ta ce, "Ba ku da na kifi? Kifi ba shi son yanka."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce masu bincike na nan suna gwada ƙashin kifi da ɓawonsa, amma bai kai ga a sa wa mutane a nan ba tukuna. Inna ta tambayi yaushe, ta ce Allah masani. Ƙarshe dai anka wanke dasashin, anka ɗaure haƙorin da siririyar waya a jikin maƙwabtansa. Likita ta faɗa mana gaskiya: wayar jinkiri ce kawai, in ba ƙashi, wata rana zai faɗi.

Gida

Mun iso Wara da La'asar sakaliya, mun gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa ƙanin Baba da iyalinsa.

Washegari na fito na tarar da ita a bakin murhun banda, ta baza ƙasusuwan giwan ruwa a tabarma, ta wanke su tas, tana zaɓen manya tana zubawa a buhu.

Ta ce, "Kai wa direban Sakkwato, shi kai ma yarinyag ga. Ka ce in sun ƙare akwai wasu, kyauta. Su dai yi sauri. Haƙorin ga, shi kaɗai ubanka yab bar mani a jiki."

Na ɗauki buhun na nufi tasha.