Randar da Kawu Ya Fasa

Ranar wata Talata ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji uku a firamare, na ga Kawu ya ɗaga taɓarya ya sauke a kan randar mahaifiyata. Ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, tsakar gidanmu na Katagum duk ya caɓe, mata sun cika rumfa suna salati ƙasa-ƙasa, Inna kuma tana ɗaki an gama yi mata wanka. Da asuba ta cika, bayan zazzaɓin da ya kwantar da ita. Ina tsugune a gindin zogale na ƙura wa randar ido, don ita kaɗai ce ba ta canja ba a gidan ran nan. Sai ga Kawu, yayan Inna, wanda muka koma hannunsa tun rasuwar mahaifina. Ya karkata randar ya tsiyaye ruwan a ƙasa, ya buga mata taɓarya ta dare. Ya kwashe gutsattsarin a buhu, ya saɓa, ya bi maza. Ko inda nake bai kalla ba. Tun daga ranar na tsane shi, kuma ba irin tsanar yara ba da ake gogewa da alewa.

Wanda bai sha ruwan randar nan ba zai ce ina yawan magana a kan yumɓu. Kakarmu 'yar Barno ce, a wurinta Inna ta koyi turara randa. Duk Juma'a takan wanke ta, ta kife ta a kan kaskon turaren wuta har hayaƙin ya kama jikinta, sannan ta jefa kajiji a ciki. Ni ce mai cika ta. Kafin in tafi makaranta sai na yi ta safa tsakanin rijiya da gindin zogale da ɗan bokitina, rabin ruwan a jikin rigata. Idan muka dawo daga korar tsuntsaye a gonar gero, ko muka gaji da carafke a ƙofar gida, ƙawayena gidanmu suke yowa don shan ruwa, Inna tana zolayarsu: "Ku rijiyar gidanku ƙafewa ta yi?" A bakin randar akwai ɗan giɓi, ni na yi shi da gindin bokiti. Inna ba ta doke ni ba, cewa ta yi yanzu ko a kasuwa randar ta ɓata za a gane tamu ce.

Ban daɗe ba na san abin da aka yi da gutsattsarin. A wajenmu idan an sa mamaci a kabari, fasassun tukwane ake jerawa a bakin ramin kafin a tura ƙasa. Sanin hakan bai sanyaya mini zuciya ba, ƙara hura ta ya yi. Tukwane nawa ne a garin nan da sai tata? Daga nan kuma wani abu ya tsaya mini a rai: ina so in san inda aka sa Inna. Mata ba sa rakiyar gawa, kabari kuma ba shi da suna, tudun ƙasa ne kawai, ga damina tana zuba. Duk ruwan da aka yi sai in ji kamar a idona yake baje tudun. Na tari Kawu yana wasa fartanya a zaure, na durƙusa na roƙe shi ya nuna mini ko daga nesa ne. Bai ɗago ba. Ya ce, "Mace ba ta zuwa maƙabarta. Ki yi mata addu'a daga inda kike." Ya ci gaba da goga fartanyarsa.

Na je da ƙafata. Wata rana da aka tashe mu na ratse ta bayan gari, jakar littattafai a wuya, na kutsa ta cikin shingen ƙaya. Tuddai ne birjik, ciyawa ta rufe su, kowanne kamar ɗan'uwansa. Ina ta zagaye ina kuka wani tsoho ya kama hannuna ya kawo ni gida. Kawu ya karyo tsumagiyar darbejiya ya zane ni a gaban kowa, har da 'yan kallo daga maƙwabta. Ban ba shi haƙuri ba. Ya sayo sabuwar randa daga kasuwar Azare, na rantse ba zan sha ruwanta ba, ban kuwa sha ba. Ina cika ta don dole, ni kuma in kafa kai a guga. Gaisuwa ina yi masa don kada a ce Inna ba ta ba ni tarbiyya ba, amma idona a ƙasa, muryata a bushe. Ya ciyar da ni, ya kai ni makarantar kwana, ya aurar da ni ga wanda nake so, duk ban sauko ba. Shi ma bai taɓa ambaton sunan Inna a gabana ba, kamar ba a taɓa yin ta ba.

Bara idonsa ya yi yana, aka kawo shi asibiti a Azare, ya sauka gidana don babu inda ya fi nan kusa. Na ba shi ɗaki, na ba shi tuwo a kan lokaci, ban ba shi fuska ba. Rannan na miƙa masa ruwan firji, ya kurɓa ya ajiye, ya ce yana kashe masa haƙori, ko ba ni da randa? Abin da na daɗe ina haɗiyewa ya taso.

Na ce, "Wadda muke da ita ai kai ka fasa, Kawu."

Ya ce, "Kulu, ƙanwata ce kafin ta zama uwarki. Ba zan rufe ta da tukunyar wani gida ba."

Ranar da na mayar da shi Katagum ya ce wa direba ya tsaya a bayan gari. Ya dafa kafaɗata muka bi gefen shinge ta waje, yana lalube da sanda, har gindin wata aduwa. Ya ce in leƙa. Ga wani ɗan tudu nan kusa, babu ciyawa ko ɗaya a kansa, an kafa bakin randa a wajen kai, ya yi baƙi saboda shekaru. Na gane giɓin. Ashe ran nan ware bakin ya yi bai binne ba, kuma duk damina yana zuwa ya ƙara ƙasa, ya cire ciyawa. Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini duk shekarun nan. Ya ce da ya nuna mini ina yarinya, da kullum can za a riƙa tsinto ni, shi kuma ba zai iya ba. Ban ce masa ya yi daidai ba, don bai yi ba. Ya bar yarinya tana fargabar kowane hadari, alhali kalma ɗaya ta isa.

Yanzu da bulo da katako ake rufe kabari, wasu har ɗan allon ƙarfe suke kafawa, ruwa kuma a leda yake zuwa, ba ƙamshi ba komai. 'Ya'yana ba su san ana turara randa ba sai da na sayo ɗaya na kife ta a kan kasko suna mini dariya. Kawu ba ya gani sosai yanzu, bana ɗana na aika ya ƙara ƙasar, ya dawo ya ce ya tarar tsohon ya riga shi, yana tsugune yana cire ciyawa da lalube. Har yau idan na tuna tsumagiyar nan raina yana ɓaci. Amma duk Juma'a nakan cika gora daga sabuwar randar in ba wa motar Katagum ta kai wa Kawu, an ce kuma ba ya shan wani ruwan sai shi.