Kalmar da Na Kai Gaya a Bakina

Ban taɓa zama a aji ba, amma akwai kalmar Turanci guda da na sani, kuma ƙuguna ne ya sha wahalar koyonta.

Ina da jika, ɗan 'yata da ta rasu, ni na goya shi tun yana wata bakwai. Ya gama karatu, aka tura shi bautar ƙasa can kudu. Wata Alhamis ina shanya kuɓewa a tsakar gida a Toranke, sai wayar da ya bar mini ta yi ƙara. Muryar abokinsa ce, ga hayaniya a bayansa. Ya ce, "Kaka, jikanki ya fas awut yau." Sai layin ya yanke. Ni kuwa ɗauka kawai na iya, ban iya kira ba.

Na riƙe kalmar a bakina, ina tafe ina maimaita ta kada ta zube, har ɗakin shan magani. Yarinyar da ke auna mana jini ta dube ni ta ce, "Iya, fas awut ai suma ke nan. Wa ya suma?"

Sai na tuna 'yata. Ita ma da suma ciwon ajalinta ya fara.

Na hau babur zuwa Gaya, wurin ɗana, kawun yaron, mai aiki a sakatariya. Kowane rami a hanya sai da ƙuguna ya gaisa da shi. Da na faɗa masa, ya yi dariya.

"Inna, yaye su aka yi. In sun gama bautar ƙasa a yi fareti a ba su takarda, shi ne fas awut."

Wani malamin makaranta da ke zaune a gefe ya ce ko rarraba takardun jarrabawa ma haka ake ce masa.

Na ce, "Su mutanen nan, kalmomi ne suka ƙare musu?"

Ɗana ya kira yaron, waya a kashe. Ya kira abokin, ba ta shiga. Dariyar tasa ta ragu. Na koma gida da fassara uku, ban san wacce ce tawa ba. Kwana uku tuwo bai wuce maƙogwarona ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar sai ga jikan nawa da jaka, da filasta a goshi.

"Amarya, an ce har Gaya kika je nemana. Kishi ne?"

Na ce, "Miji marar kirki, zauna. Wanne ka yi a ciki? Suma ko yaye?"

Ya sosa kai ya ce, "Duka biyun."

Ashe rana ce ta buge shi a filin fareti, ya faɗi a kan wayarsa ta fashe. Aka yayyafa masa ruwa, ya tashi ya karɓi takardarsa.

Na shafa goshin, na daɗe ban ɗauke hannuna ba. Na ce ya gaya wa abokin nan nasa, in zai sake kiran tsohuwa, ya yi mata Hausa. Sannan na ce a ɗumamo mini tuwon jiya.