Baburan da Suka Kwana da Wake

Har gobe ban manta da safiyar da muka buɗe rumfar gwaji a Safana muka tarar da furen wake zube a ƙasa ba. A shekarun nan ne da ɓarayin daji suka hana noma a Runka, kowa ya tattaro ya dawo gari.

Ni ce shugabar leburori mata a gonar iri. Aikinmu barbara: da yamma mu tsaga furen da bai buɗe ba, mu cire mazan ciki da tsinke, da safe mu shafa masa garin wani fure, don a samu iri mai saurin nuna. Mai nauyin hannu ba ta wannan aiki. Ni kuwa fure bai taɓa mutuwa a hannuna ba.

Malam Lawal, jami'in gona da ke kanmu, ya duba ya ce, "Gwaggo, matanki sun fara garaje. In abin ya ci gaba, daga sama za a ce a sallame ku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a haifi mai koya mini riƙon fure ba. Wanda ba mu taɓa ba ma ya zube, shi ma mu ne?"

Ina rufe baki tari ya sarƙe ni. Na ce, "Ga shi kun mai da mana rumfa gareji." Don tsoron sata, a ciki ma'aikata ke kulle baburansu, da safe su tayar da su, su bar su suna ɗumi, rumfa kuwa lulluɓe da leda.

Malam ya dafe kai. "Hayaƙin ne!"

Ya ce in tsiro zai yar da fure, wata iska yake fitarwa, furen kuma yana da abin jin ta, kamar kunne, kuma gadonsa yake yi daga iri. Irin wannan iska tana cikin hayaƙin babur. Wake ya ji an ce ya saki, ya saki.

Na nuna layin waken da ke gefen rumfa. "Wancan fa? Ko ɗaya bai faɗi ba."

"Nasa jin ne bai da ƙarfi. Shi za mu ware mu bi zuriyarsa."

Na ce, "Ashe har a wake akwai mai kunnen ƙashi!"

A ranar aka fitar da baburan. Na Malam ne a gaba, shi ya tura abinsa, mata na yi masa guɗa. Sabon fure ya kama, ba a sallami ko mace ɗaya ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙe wannan: tsiro yana jin abin da ba ku ji. In ya yar da fure, ku fara bincika abin da kuka ajiye kusa da shi kafin ku taɓa abincin lebura.