Littafin tuƙin jirgi a ɗakin goro

Shekarun baya, shekarar da na daina kai goro Bawku na koma sayen doya, ƙanena ya zo gida Salaga hutu. Yana koyon tuƙin jirgin sama, mun sayar da shanu saboda karatun. Da zai wuce Yendi gaida dangi, sai ya ba mahaifiyarmu wani littafi mai baƙin bango ya ce, "Mma, ki adana min wannan kamar ranki."

Ta kuwa adana. A gidanmu, abu mai daraja ɗakin goro ake kai shi, don shi kaɗai ke da kwaɗo. Ta cusa shi tsakanin huhun goro biyu. Ni kuma kullum sai na yayyafa wa ragowar goron ruwa kada ya bushe. Ina ganin littafin, amma lokacin ko sunana ban iya karantawa ba. Na ɗauka na addu'o'i ne, har ina bismilla kafin in gusar da shi.

Daga Yendi aka kira shi makaranta, bai dawo ba sai bayan damina. Da ya buɗe littafin, shafukan sun manne, tawada ta narke. Ya zauna a kan buhu.

"Yaya, duk tashin da na yi yana nan, da sa hannun malamina. Abin da babu shaidarsa, a doka ban yi shi ba, kuma ba a yarda in cike da ka. Ba littafi, ba jarrabawa."

Mma ta leƙo. "Ka same shi lafiya?"

"Lafiya lau, Mma. Har ƙamshin goro yake."

Allah ya taimake mu, makarantarsu tana ajiye nata lissafin a kwamfuta. Suka bi tashi ɗaya bayan ɗaya, malamai suka sake sa hannu. Na farko-farkon ne kawai, da ya yi a wani wuri da wani malami da ya rasu, ba a samu mai shaida ba. Sai da ya sake su, muka ƙara sayar da saniya aka biya kuɗin.

Yau yana tuƙi, yana rubutawa a takarda da waya duka. Ni ma watan nan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Har Mma ta koma ga Allah bai taɓa gaya mata littafin ya lalace ba, kuma a kan wannan nake gode masa fiye da komai.

Abin da muka rasa: awa tara a sama, wata huɗu na jira, da saniya ɗaya.