Ranar da na rasa amsar Gwaggo

Ina koyar da ɗaliban haɗa magunguna yadda ake magana da marar lafiya. Ba na ba su rubutu su haddace. Tebur nake ja tsakiyar aji ya zama kantin magani, ɗalibi ya tsaya a bayansa, ni in zama mai sayen magani. Duk abin da ya zo bakina nake faɗa, shi kuma ya san yadda zai yi da ni.

Sun fi son in zama tsohuwa mai hawan jini da ba ta shan maganinta. Ba su san Gwaggona nake kwaikwaya ba, yayar mahaifina da ke unguwar Madabo, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Nakan karkace gyale, in dafa ƙugu, in ce, "Ni lafiyata ƙalau, ɗan nan." Sai aji ya ɗauki dariya, ni ma ina jin daɗinta.

Ran nan wata ɗaliba mai sanyin magana ta tsaya bayan teburin. Ba ta jero min illolin hawan jini kamar sauran ba. Kujera ta jawo min ta ce, "Hajiya, zauna. In kin sha maganin, me yake miki?"

Na buɗe baki in amsa irin na Gwaggo, na rasa abin faɗa. Ni nake kai mata maganin, ni nake mata faɗa a kansa, amma wannan tambaya ba ta taɓa fitowa daga bakina ba. Ɗalibai suna jira in ci gaba, a zatonsu duk cikin wasan ne. Na gyara gyalena na sallame su.

Bayan la'asar na shiga Madabo, na tarar da Gwaggo tana tsince zogale. Na zauna gefen tabarma na tambaye ta.

Ta ce, "Fitsari yake sa ni. Alwala ba ta zama, ga gwiwa, ga banɗaki can ƙarshen gida."

"Gwaggo, me ya hana ki gaya min?"

"Kina shigowa da faɗa kike farawa."

Washegari na kai ta wurin likita, ya canza mata wani. A adaidaita sahu, wajen Ƙofar Kabuga, ta kama hannuna tana ta sa min albarka, wai samun mai haƙuri irina sai an tona. Ina amsa amin, idona a kan titi.